Fam 500 na Killace Kai: In Kansil Ta Ce a Dawo Mata da Su

Takardar ba ta da tsawo. A sama tambarin ƙaramar hukuma, wadda mutanenmu na Ingila ke ce wa kansil, ƙasa da shi lambar bashi, sai layi uku ko huɗu da ke cewa an sake duba tallafin killace kai da aka biya ka lokacin korona, an ga ba ka cancanta ba, don haka ka mayar da fam 500 kafin rana kaza. A ƙasa an jera hanyoyin biya dalla-dalla: ta banki, ta waya, ta intanet. Inda za ka ce ba ka yarda ba kuwa, sai ka laluba, wani lokacin ma babu shi a takardar.

'Yan'uwanmu da ke aiki a gidajen kula da tsofaffi, da rumbunan ajiyar kaya, da gadi, da kai saƙo a Landan, Manchester ko Birmingham, galibi kashi biyu suke rabuwa in irin wannan takarda ta zo. Wani a ranar zai ciyo bashi ya biya, saboda mun taso muna tsoron kalmar bashi, ga kuma fargabar kada a taɓa masa takardun zama. Wani kuma ya cusa ta cikin durowa tare da tallan fiza, ya ce su gaji su bari. A ganina duka biyun sun yi gaggawa. Abin da ke cikin ambulan ɗin da'awa ce: kansil ta ce tana bin ka, kuma ba wani alƙali da ya tabbatar mata tukuna. Tana iya yin daidai, tana iya yin kuskure, kuma yadda aka gina tallafin tun farko ya sa kuskuren ya yi sauƙin aukuwa.

Ranar 28 ga Satumba 2020 killace kai ya zama tilas a dokar Ingila ga duk wanda gwaji ya nuna yana da cutar, ko wanda hukumar gwaji da bin sawun masu cutar, wato NHS Test and Trace, ta sanar da shi cewa ya yi cuɗanya da mai ita. Tarar karya dokar ta fara daga fam 1,000, tana iya kaiwa 10,000. Gwamnati ta san cewa mai share ofis ko direba ba ya iya aiki daga ɗaki, kuma kuɗin jinya na doka a lokacin fam 95.85 ne kacal a mako, wanda ko hayar ɗaki ɗaya ba zai biya ba a Landan. Shi ya sa a rana guda aka ƙaddamar da tallafin fam 500, dunƙule ɗaya. Ma'aikatar Lafiya ce ta tsara shi ta kuma ba da kuɗin, amma ƙananan hukumomi aka ɗora wa karɓar buƙatu da biya, aka ba su zuwa 12 ga Oktoba su shirya. Mako biyu ke nan, a tsakiyar annoba, ma'aikatan ma yawancinsu daga gida suke aiki. Tsarin ya ci gaba har 24 ga Fabrairu 2022, ranar da aka janye dokar killace kai.

Sharuɗɗan babban tsarin huɗu ne, kuma dole su haɗu. Test and Trace ta umarce ka da killace kai kuma kana da lambar shaidar da ta ba ka. Kana aiki, ko a ƙarƙashin wani ko na kanka. Ba za ka iya aikin daga gida ba, kuma saboda haka za ka yi asarar kuɗin shiga. Sannan kana karɓar ɗaya daga cikin tallafin masu ƙaramin ƙarfi, kamar Universal Credit, Working Tax Credit, Housing Benefit ko Pension Credit. A gefe akwai reshe na biyu, shi ma fam 500, wanda aka bar wa kowace kansil ta yi amfani da hankalinta don mutanen da ba sa karɓar waɗannan tallafi amma albashinsu ƙarami ne kuma zaman gida zai jefa su cikin ƙunci. Ta wannan ƙofa ce baƙi ke iya shiga, domin mai bizar da aka rubuta wa haramcin taɓa kuɗin tallafin gwamnati ba ya samun Universal Credit, amma an ba shi damar neman wannan reshe. Kowace kansil da nata ma'aunin a nan, har ta kai maƙwabta biyu da titi ɗaya ya raba, a ba ɗaya a hana ɗaya.

Ƙa'idojin kuma ba su zauna wuri ɗaya ba. A Disamba 2020 an rage kwanakin killace masu cuɗanya daga 14 zuwa 10. Daga 8 ga Maris 2021 aka shigo da iyayen da suka bar aiki don kula da yaron da aka ce ya zauna a gida. Wa'adin neman tallafin ya canza fiye da sau ɗaya kafin ya tsaya a kwana 42 daga ranar farko ta killacewa. Daga 16 ga Agusta 2021 wanda ya kammala allurar rigakafi ba dole ba ne ya killace kansa don kawai ya yi cuɗanya da mai cutar. Wannan jujjuyawar tana da amfani ga mai jayayya, domin ƙa'idar da ke aiki a ranar da ya nemi kuɗin ita ce za a auna shi da ita. In ma'aikacin da ke bincike yau ya ɗauko takardar jagora ta ƙarshe ya auna buƙatar Nuwamba 2020 da ita, ya yi awo da mudun da ba na kasuwar ba.

To, me ke sa a waiwayo mutum bayan an riga an biya shi? An umarci ƙananan hukumomi su biya da sauri, sannan su dawo su yi bincike a kan wasu daga cikin waɗanda aka biya. Babban abin da suke dubawa shi ne sharaɗi na uku: shin kuɗin shigarsa ya ragu kuwa? Suna iya tambayar mai aikin, suna kuma iya leƙa bayanan albashi da kamfanoni ke aika wa hukumar haraji ta HMRC duk ranar biya. Nan ne gizo ke saƙar, domin abin da ake gani a allon kwamfuta jimillar albashi ce da ranar da aka biya. Ba ya nuna wace rana aka yi aiki, wace rana aka kwanta da zazzaɓi.

Mu ƙaddara wata baiwar Allah mai aiki a gidan tsofaffi, awa 36 a mako, a kan mafi ƙarancin albashi na lokacin, fam 8.72 a awa. Kusan fam 314 ke nan a mako. Ana biyan su ƙarshen wata, amma ana rufe lissafin awoyi ranar 15. Ta kamu da cutar ranar 18 ga Janairu 2021, ta zauna a ɗaki kwana 10. Albashin da ya shigo mata ƙarshen Janairu na aikin 16 ga Disamba zuwa 15 ga Janairu ne, har da ƙarin awoyin Kirsimeti da ta karɓe wa abokan aikinta, don haka ya ma fi na kullum yawa. Giɓin sai a albashin Fabrairu zai fito. Amma da ta warke, tana ganin haya na tafe, sai ta kwashi aikin dare huɗu na ƙari don ta cike ramin, albashin Fabrairun ma ya fito kusan yadda aka saba. Mai bincike ya buɗe allo: Janairu ya ƙaru, Fabrairu bai faɗi sosai ba. Ya rubuta cewa babu asarar kuɗin shiga, ya tura takardar bashi. Alhali in aka shimfiɗa takardar albashin Fabrairu a kan tebur, ga layin kuɗin jinya na doka nan a jiki, ga jadawalin aiki yana nuna ranakun da aka soke mata. Ta rasa fiye da fam 200 a kowane mako na killacewa. Daren da ta hana idonta barci daga baya guminta ne na wasu ranaku dabam, bai goge asarar da ta riga ta yi ba. Kuma babban tsarin bai ce sai asarar ta kai fam 500 ba, cewa ya yi a yi asara. Karɓar kuɗin jinya na doka ma ba ya hana cancanta, muddin ya gaza albashin da aka saba.

Irin wannan shari'a da takarda ake cin ta, ba da ɗaga murya a waya ba. Takardun albashi na wata uku kafin killacewa da biyu bayanta, jadawalin aiki, bayanan banki, saƙon Test and Trace mai lambar shaida, da wasiƙa gajera daga manaja ko sashen albashi da ke faɗin ranar rufe lissafi da awoyin da aka rasa. Mai aikin kansa, kamar direban tasi ko mai kai abinci a keke, ba shi da takardar albashi, sai ya kawo tarihin tafiye-tafiyensa daga manhajar da yake aiki da ita, inda kwana goman za su fito fayau babu ko sisi.

Sai dai ba kowa ne wannan baiwar Allah ba, kuma gara a faɗi gaskiya. Tun Mayu 2020 gwamnati ta ware fam miliyan 600 don daƙile yaɗuwar cutar a gidajen kula da tsofaffi, kuma ɗaya daga cikin abin da aka ce a yi da kuɗin shi ne biyan cikakken albashi ga ma'aikacin da ya killace kansa. Wasu gidajen sun biya nan take, wasu sai bayan wata ɗaya ko biyu suka cike wa ma'aikata. Wanda aka cike wa albashinsa bai yi asara ba a ƙarshe, ko da kuwa ranar da ya cike fom bai san za a cike masa ba. Bai yi ƙarya ba, amma kansil na da abin faɗa. Haka wanda mai aikinsa ya lissafa masa kwanakin a matsayin hutun shekara: kuɗinsa bai ragu ba, hutunsa ne ya tafi, kuma hujjarsa ta fi rauni. Akwai kuma wanda aka biya sau biyu bisa kuskure, ko ya nema sau biyu a kan kwanakin da suka hau kan juna. Neman tallafin fiye da sau ɗaya halal ne in killacewar dabam-dabam ce, kuma miji da mata kowa na iya neman nasa, amma ba a biya biyu a kan kwanaki ɗaya.

Yanzu ga abin da ya bambanta wannan kuɗi da sauran, wanda kuma ko ma'aikatan kansil wani lokaci sukan rikita. In Housing Benefit, wato tallafin kuɗin haya, aka biya ka fiye da kima, akwai doka rubutacciya: tana faɗin lokacin da za a karɓe, tana yafe wasu kurakuran da ofis ya yi da kansa in ba yadda za a yi ka gane, tana kuma ba ka damar kai ƙara kotun sauraron ƙorafin tallafi kyauta. In Universal Credit ne, doka ta ba ma'aikatar ayyuka da fansho, wato DWP, ikon karɓe duk abin da ya wuce kima ko da laifinta ne, ta kuma cire kai tsaye daga abin da take ba ka. In harajin kansil ne, akwai gajeriyar hanya ta kotun majistare, daga nan sai masu kwashe kaya. Tallafin killace kai bai faɗa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. A kan takardun jagora na Ma'aikatar Lafiya ya tsaya, kuma jagorar ba ta wajabta wa ƙananan hukumomi buɗe ƙofar ɗaukaka ƙara ba. Wannan rashi kaifi biyu gare shi. Kai ba ka da kotun tallafi da za ka ruga. Ita ma kansil ba ta da gajeriyar hanya: in ka ƙi biya, matsayinta ɗaya da na duk wani mai bin bashi, sai ta shigar da ƙara a kotun County mai sauraron shari'ar bashi, ta kawo hujja, ta yi nasara, kafin a yi maganar cire kuɗi daga albashi ko aiko masu kwashe kaya. Kamfanin karɓar bashi da za ta iya miƙa wa takardarka kafin hukunci yana iya rubuto wasiƙu masu jan tawada ya kuma dame ka da waya, amma ba shi da ikon shiga gidanka ko ɗaukar ko cokali.

In an je kotun, a kan me za ta dogara? Abu biyu. Na farko, alkawarin da ka amince da shi a ƙarshen fom, wanda a wurare da yawa ya ƙunshi cewa bayananka gaskiya ne kuma za a iya karɓe kuɗin in aka ga ba ka cancanta ba. Na biyu, tsohuwar ƙa'idar dokar Ingila cewa kuɗin da aka biya bisa kuskure ana iya neman a dawo da shi, ko da mai biyan ne ya yi sakaci. Mutane da yawa suna zaton cewa "ai su suka duba takarduna suka amince" ta wadatar. Ba ta wadatar ita kaɗai.

Akwai dai kariya, kuma tarihinta na da daɗin ji. A 1983 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke shari'ar ƙaramar hukumar Avon da wani malamin makaranta, Howlett, wanda ya ji rauni a wurin aiki aka yi ta biyan sa kuɗin jinya har aka zarce da fam 1,007. Kotu ta hana hukumar karɓa, domin ita ta nuna masa cewa kuɗin haƙƙinsa ne, shi kuma ya yarda ya kashe da zuciya ɗaya. A 1991, a shari'ar Lipkin Gorman, wadda ta taso daga wani lauya da ya kwashi kuɗin ofishinsu ya kai gidan caca a Landan, manyan alƙalan ƙasar suka tabbatar da kariyar da ake kira sauyin hali: wanda ya karɓi kuɗi da kyakkyawar niyya, ya kuma canza al'amuransa saboda su ta yadda tilasta masa mayarwa zai zama zalunci, ana iya sauke masa nauyin gwargwadon canjin. Amma a 2001 shari'ar Scottish Equitable da Derby ta nuna iyakar abin. Kamfanin fansho ya biya mutumin fiye da fam 172,000 bisa kuskure. Abin da ya zuba wajen rage bashin gidansa kotu ta ce ya dawo da shi, tunda bashin dama dole ne ya biya. Abin da aka bar masa bai kai fam 10,000 ba, wato ɗan abin da ya kashe wajen kyautata rayuwarsa wanda da ba don kuɗin ba da bai kashe ba.

Ka ga matsalar ga mai fam 500. Yawanci haya aka biya da su, da wuta, da cefane, abubuwan da ko babu tallafin sai an biya. Don haka ni ba zan shawarci kowa ya jingina duka shari'arsa a kan wannan kariya ba. Tana da amfani a matsayin ƙari, musamman in ka faɗi komai tsakani da Allah, kansil ta ga takardun albashinka da idonta ta amince, sannan ta yi shiru shekara uku ko huɗu. Ginshiƙin dai shi ne nuna cewa ka cancanta tun asali.

Amsar farko a rubuce ya kamata ta kasance, ta imel ko wasiƙa, kafin ranar da suka sa. Ba ta bukatar Turancin lauya. Ka ce ba ka amince kana da wannan bashi ba, kana neman a dakatar da duk matakin karɓa har a gama dubawa, kuma kana son a faɗa maka wane sharaɗi ne takamaimai aka ce ba ka cika ba, da wace hujja, da wace takardar jagora aka yi aiki, da kuma wane ikon doka suke dogara da shi wajen neman kuɗin. Ka nemi wani ma'aikaci dabam, wanda ba shi ya yanke na farko ba, ya sake dubawa. Tare da wannan kana da haƙƙi a ƙarƙashin dokar kare bayanai ta 2018 ka nemi kwafin duk abin da suke riƙe da shi a kanka: fom ɗin da ka cike, takardun da ka haɗa, abin da mai aikinka ya gaya musu, da bayanan da ma'aikaci ya rubuta lokacin da ya amince da biyan. Kyauta ne, kuma a ƙa'ida wata ɗaya suke da shi su amsa. Ga wanda ya canza waya sau biyu tun 2021, saƙonnin duk sun bi ruwa, wannan ita ce hanyar dawo da shaidarsa daga hannun wanda ke tuhumarsa.

Wayar tarho kuwa a yi hattara da ita. Wanda ke ɗauka a sashen karɓar bashi aikinsa tsara biya ne, tambayarsa ta farko ita ce nawa za ka iya bayarwa a wata. Mutum mai kunya sai ya ce fam 10, don dai a rabu lafiya. Wannan fam 10 na da nauyi a doka. Dokar wa'adi ta 1980 ta ba mai bin irin wannan bashi shekara 6 ya kai ƙara, wato kuɗin da aka biya a Oktoba 2020 wa'adinsa na cika a Oktoba 2026, na farkon 2022 kuma sai 2028. Amma biyan wani ɓangare, ko amsa bashin a rubuce da sa hannu, yana mayar da agogon farko. Ban da haka, in maganar kuskure ce ko zamba, kansil na iya cewa lissafin ya fara ne daga ranar da ta gano, ko ranar da ya kamata a ce ta gano in da ta yi ƙwazo. Saboda haka zaman jiran shekara shida ta cika ba dabara ba ce da za a dogara da ita, biyan "ɗan wani abu" alhali kana jayayya kuma kyauta ce ka ba su.

In sake dubawar ba ta yi ba, sai tsarin koke na kansil ɗin kanta, wanda galibi mataki biyu ne. A wannan gaɓa wasiƙa daga kansilan unguwarka ko ɗan majalisar mazaɓarka takan sa takarda ta tashi daga ƙasan tari ta koma sama. Bayan nan akwai ofishin Ombudsman mai sauraron koke a kan ƙananan hukumomin Ingila, kyauta, kuma ana so a kai masa cikin wata 12 daga lokacin da ka san da matsalar. A fahimci aikinsa: ba ya zama ya sake yanke ko ka cancanta, yana duba ko an bi hanya daidai ne. An gaya maka dalili? An duba hujjar da ka kawo? An yi jinkirin da ba shi da uzuri? An ci gaba da aiko masu karɓar bashi alhali kokenka na gabansu? In ya ga aibi yana iya ba da shawarar a sake yanke hukunci, a ba da haƙuri, ko a biya diyya kaɗan, kuma ƙananan hukumomi kusan kullum suna bi. Amma da zarar magana ta shiga kotu, hannunsa ya ɗaure a kan abin da ke gaban alƙali. Scotland da Wales kowace da nata tsarin tallafin da nata Ombudsman, kuma wa'adin bashi a Scotland shekara 5 ne.

Takardu biyu ne ba a sa su a durowa ko da wasa. Ta farko ita ce wasiƙar gargaɗin shiga kotu, wadda ƙa'idar da ta fara aiki a Oktoba 2017 ta wajabta a aiko tare da fom ɗin amsa, a kuma ba ka kwana 30. A fom ɗin akwai gurbin cewa kana jayayya da gurbin neman takardu. Ta biyu ita ce takardar ƙara daga kotun kanta: kwana 14 ne, ko 28 in ka aika da shaidar cewa ta iso ka. Wanda ya yi shiru, za a yanke masa hukunci a bayan idonsa ba tare da kowa ya duba takardar albashinsa ba, sunansa ya shiga rajistar masu hukuncin bashi na shekara 6, sai fa in ya biya duka cikin wata ɗaya. Wannan tabo ne da ke hana hayar gida, da kwantiragin waya, da rancen sayen gida, duk a kan fam 500. Wanda ya amsa kuwa, ƙarar za ta bi layin ƙananan da'awa, inda ake fara gwada sulhu ta waya kyauta, kuma ko ya faɗi, abin da za a ɗora masa galibi kuɗin kotu ne da ɗan abin da doka ta ƙayyade, ba kuɗin lauyoyin kansil ba. Nauyin kawo hujja a kan mai da'awa yake.

In wasiƙar ta ambaci zamba, ko ta gayyace ka hira a ƙarƙashin gargaɗin doka, to an sauya fili. Dokar zamba ta 2006 tana bukatar a nuna rashin gaskiya da gangan, kuskure wajen fahimtar fom bai kai nan ba. Amma duk abin da ka faɗa a ɗakin ana ɗaukar sa a na'ura kuma ana iya kai shi kotu, don haka ba a shiga sai an ga lauya, kuma wanda Turancinsa bai nuna ba sai ya nemi tafinta tun kafin ranar. Ga mai biza ko mai shirin neman zama ɗan ƙasa, wannan ne wurin da haɗarin gaske yake, domin tabon rashin gaskiya yana bin mutum cikin fayil ɗinsa. Fargabar da ke yawo a tsakanin jama'a cewa bashin fam 500 na hana sabunta biza kuwa, asalinta wata ƙa'ida ce dabam: bashin jinyar asibitin NHS da ya kai fam 500 shi ne ake iya ƙin ba da biza saboda shi. Adadin ne ya zo ɗaya. Jayayya da kansil a kan tallafin killace kai ba bashin asibiti ba ne.

Wanda ya duba takardunsa ya ga lallai an cike masa albashi, ko an biya shi sau biyu, to bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ba a ce sai ya biya a dunƙule ba. Yana iya kai lissafin shigarsa da fitarsa ya nemi biya kaɗan-kaɗan daidai ƙarfinsa, yana kuma iya roƙon a yafe in yana cikin ƙunci ko rashin lafiya, domin ƙananan hukumomi na da ikon share bashin da bin sa ya fi shi tsada. Ƙungiyoyin ba da shawara irin su Citizens Advice, StepChange da National Debtline duk suna taimakawa kyauta, kuma ta hannun irinsu ake shiga shirin sararawa da aka fara a Mayu 2021, wanda ke tsayar da masu bin bashi kwana 60.

Kafin ya biya dai, ya tuna cewa fam 500 ɗin nan kuɗi ne mai haraji. Ba a cire masa kuɗin inshorar ƙasa, amma ana lissafa shi cikin kuɗin shiga. Wanda abin da ya samu a shekarar ya haura fam 12,500 a 2020/21, ko 12,570 a 2021/22, kashi 20 cikin 100 na tallafin na HMRC ne, fam 100 ke nan. In ya mayar wa kansil 500 cif, ya biya haraji a kan kuɗin da ba su zauna a hannunsa ba. Sai ya karɓi takardar shaidar mayarwa daga kansil, ya kai wa HMRC ya nemi gyara, in lokaci bai ƙure ba: wa'adin neman harajin da aka biya fiye da kima shekara 4 ne daga ƙarshen shekarar harajin, wato na 2020/21 ya cika a Afrilu 2025, na 2021/22 kuma Afrilu 2026 ne ƙarshensa, alhali ita kansil shida aka ba ta.